Ranar da Mai Ido Ta Gyara Ɗakin Baban Keke

Shekarunta hamsin da shida, ashirin da tara daga ciki ta yi su ne a ofishin jin daɗin jama'a, sashen tsofaffi. Tana da miji, 'ya'ya uku da jika ɗaya. Ba ta taɓa zama shugabar sashe ba, kuma ta ce ta daina sha'awar kujerar tun da ta lura mai ita ba ya fita ziyara, sai dai taro. A ofis, daga masinja har shugaba, Mai Ido ake kiranta. Ta nemi a daina. A watan jiya ma ta sake nema. An ƙi.

Ofishin ɗaki ne guda mai tebura huɗu, da fanka mai kuka, da kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa sai an danna shi da gwiwa. Ranar Litinin tana zaune a nan tana sauraron masu zuwa: wanda aka ɓata wa suna a katin asibiti, wa da ƙane da kowa ke cewa ɗayan ne ya kamata ya riƙe uwarsu, tsohuwar da ta dawo da sandar da aka ba ta bara don ta yi mata tsawo. Talata zuwa Alhamis tana kan hanya, gida-gida. Juma'a ranar rubuta rahoto ce.

Sunan ya samo asali ne daga yadda take ziyara.

"Ba na tambayar tsoho ko ya ci abinci," in ji ta. "Zai ce ya ci, ya ƙoshi, har ya rage. Ba zai tona wa 'ya'yansa asiri a gaban baƙuwa ba. Sai in ce a ba ni ruwa, in bi shi, in leƙa tukunya. In duba ƙwayoyin da suka rage a fakitin magani. In kalli takalma a bakin ƙofa, in ga ko akwai mai shigowa. Duk sabon ma'aikacin da aka kawo mana, abin da nake koya masa ke nan: kar ka saurari baki, ka dubi ɗaki. Ina faɗa ina ɗaga yatsa. Da ka gan ni a lokacin, sai ka ce ni na ƙirƙiro aikin."

Tana da littafi mai baƙin bango da ba ta rabuwa da shi. A ciki take rubuta duk abin da idonta ya faɗa a kai: inda gado yake, inda buta take, ko labule ya yage ta sama ko ta ƙasa. Abokan aikinta rabin shafi suke rubutawa a kan ziyara. Ita huɗu. Shugabar sashen takan ce rahoton Mai Ido ba rahoto ba ne, jerin kayan gwanjo ne.

A farkon bara aka ba ta fayil ɗin wani tsoho mai shekara saba'in da takwas, wanda unguwa ke kira Baban Keke, domin shekara hamsin ya yi yana gyaran keken ɗinki. Matarsa ta rasu shekara biyu kafin nan. 'Ya ɗaya gare shi, malamar makaranta, tana zaune da mijinta a hawa na uku na wani bene a ɗaya gefen gari. Shi kuwa yana cikin ɗakunan da ofis ke bai wa tsofaffin da ke iya riƙe kansu. Sharaɗin a rubuce yake a takardar shiga: ranar da rahoto ya ce mutum ba zai iya zama shi kaɗai ba, ɗakin ya koma hannun ofis, shi kuma ya koma wurin danginsa ko gidan tsofaffi. Shekara goma sha ɗaya yana cikin ɗakin, tara daga ciki tare da matarsa.

'Yar ce ta rubuto ofis. Ta ce babanta ya canza, ya daina fita, ya daina karanta jarida, a zo a duba ko lokaci ya yi ya dawo wurinta. Aka tura Mai Ido, duk Talata ƙarfe goma.

Ga ɗakin yadda littafinta ya rubuta shi a ziyarar farko. Gado a hagu, taku uku daga ƙofa. Tebur a dama, da kawunan keke uku a kai. Gwangwanayen madara goma sha tara a jere a kan katako, cike da noti da sukuru da allurai. Doguwar tabarma daga ƙofa zuwa taga. Igiya daga ƙusar da ke jikin ƙofa zuwa kan gado, an rataye tsofaffin bel ɗin keken ɗinki a kanta. Wayar rediyo ta ratsa tsakiyar ɗaki a ƙasa. Bokiti a bakin ƙofa daga ciki. Risho a kusurwa. Kofuna biyu a kan taga, hannuwansu na kallon ƙofa. A ƙasan shafin ta rubuta: "Tarkace ya yi yawa, amma akwai tsafta."

Takan yi sallama tun daga tsakar gida, don ɗabi'arta ce kada ta firgita tsoho. Kafin ta iso ya amsa.

"Malama ce? Shigo, 'yar gwamnati. Kujerarki na nan tana jiranki."

Sai ya dafa shayi, ya zuba, ya miƙa mata, ya koma kan aikinsa yana hira. A gabanta yakan kwance kan keke, ya ciro kwarkwaro, ya goge, ya mayar, ya juya ya saurari kukansa. Sannan ya ɗauki zare ya lasa, ya zura a allura sau ɗaya, ba tabarau.

A fom ɗin ziyara akwai layi mai cewa "Gani", da akwatuna uku: mai kyau, matsakaici, mara kyau. Wata takwas tana sa alama a na farko. A wata na uku har ta ƙara da hannunta a gefe: "Ya fi ni gani."

"Ba wai ban lura da komai ba," in ji ta. "Abin da ke ƙona ni ke nan. Komai na gani, komai na rubuta. Buɗe shafi na sha biyu: yana sa yatsa a bakin kofi in yana zuba shayi, a yi masa magana kan tsafta. Shafi na ashirin: ba ya kunna fitila ko da hadari ya rufe gari, mutum ne mai tattali. Nan kuma: ya sa rigarsa a baibai, ya daina kula da ado tun rasuwar matarsa. Ga wanda ya fi ba ni kunya: in muna magana taga yake kallo, dattijo ne mai kunya, ba ya haɗa ido da mace. Ni fa har daɗi na ji. Na ce ashe har yanzu ana jin kunyata."

Sa hannu ma bai tona komai ba. Kamar kowane ma'aikacin ofishin, in ta miƙa takarda takan ƙwanƙwasa farce a wurin, ta ce, "Baba, nan." Shi kuma sai ya bi ƙarar farcen da biro.

Rahotonta ya ce Baban Keke yana riƙe da kansa da kyau. 'Yar ba ta gamsu ba, amma ta haƙura.

A wata na tara aka tura ma'aikatan sashen bitar kwana biyu kan yadda za a hana tsofaffi faɗuwa a gida. Aka raba musu sabon fom mai layi ashirin. A cire tabarma, tana kama ƙafa. A cire waya daga ƙasa. A cire igiya. A buɗe hanya daga ƙofa zuwa gado. Aka ce kowa ya zaɓi ɗaki ɗaya ya gyara, ya kawo hoto. Tun mai koyarwar bai gama magana ba Mai Ido ta san ɗakin da za ta zaɓa. Cikin layi ashirin, ɗakin Baban Keke ya faɗi sha huɗu.

Ranar Talata ta gaya masa.

"Baba, zan ɗan gyara maka ɗakin nan."

"Bar shi, Malama. A gyare yake."

"Haba Baba, dubi wayar nan fa."

"Na ce ki bar shi, 'yata. Haka uwar ɗakin ta bar mini shi."

Ta yi murmushi, ta rubuta a littafi: "Yana jin nauyin a yi masa wahala."

"Mutum ya ce mini a'a sau biyu, da bakinsa, da Hausa," in ji ta. "Amma ai ni ba na sauraron baki."

Duk Alhamis da safe wani tela da ke zaune a ɗakin kusa yakan tafi da Baban Keke shagonsa ya duba masa kekuna, su dawo bayan azahar. Ofis yana da makullin kowane ɗaki. Ta ɗauko shi, ta roƙi direban ofis, wani dattijo mai ciwon baya, ya taya ta. Suka naɗe tabarma suka ɗora kan kabad. Suka kwance igiya. Suka janye gado zuwa ƙarƙashin taga don ya riƙa shan iska, suka kawo tebur inda gadon yake. Rediyo ya koma kusa da soket, bokiti ya koma bayan ƙofa, kofuna suka koma cikin kwando. Gwangwanaye kuwa ta jera su daga babba zuwa ƙarami, ta manna wa kowanne takarda da sunan abin da ke ciki, da manyan baƙaƙe.

Direba ya tsaya yana dafe da ƙugu.

"Malama, anya? Ni ko matata in ta matsar mini da takalmi sai mun yi kwana biyu ba ma magana."

"Kai dai ɗauki wancan gefen. Za ka ga farin ciki."

Awa uku suka yi. Ta ɗauki hoto ta kusurwa huɗu. Sannan ta ce ba za ta tafi ba sai ta ga fuskarsa. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta yi wa direba alama ya yi shiru. Wannan ne karo na farko cikin wata tara da ba ta yi magana ba kafin ya iso.

Tela ya rako shi har bakin ƙofa ya juya. Baban Keke ya lalubo makulli, ya ji ƙofa a buɗe, ya ɗan tsaya. Ya shigo, ya ɗaga hannun hagu inda igiya take. Hannun ya kama iska. Ya shafa ƙasa da ƙafa yana neman bakin tabarma. Ba ta nan. Duk da haka ya yi taku ukun da ya saba, ya juya, ya zauna a kan gado. Gado ba ya wurin. Bayansa ya bugi gefen tebur, ya tafi ƙasa, ya tare da hannun dama. Wani kan keke ya girgiza, direba ya yi tsalle ya riƙe shi kafin ya faɗo masa a ka.

Yana zaune a ƙasa, ya ɗaga fuska.

"Wane ne a nan?"

Tana tsaye a gabansa, taku biyu, rana tsaka, taga a buɗe, sanye da mayafi ruwan ɗorawa.

"Ni ce, Baba."

Ya juyo da fuska wajen muryarta. Sannan ya ce, "Malama, ina kika kai mini ɗakina?"

Tela ya ji ƙarar faɗuwa ya dawo da gudu. Ya dubi ɗakin, ya dube ta, ya ɗora hannu a ka.

"Innalillahi. Wa ya sa ku?"

"Ka sani?" ta tambaye shi.

"Ranki ya daɗe, duk gidan nan wa bai sani ba? Har mai kawo burodi ya sani. Mun zaci kin sani kina rufa masa asiri ne. Muna ta sa miki albarka."

A asibitin unguwa aka ce targaɗe ne, ba karaya ba. Ana ɗaure masa hannu yana ba ta labari, ita kuma a karo na farko littafin yana rufe a cinyarta. Shekara uku ke nan da abin ya fara, kamar hayaƙi, har ya kai sai dai ya bambance haske da duhu. Matarsa ce ta fara ganewa. Da ta ga ciwonta ba na tashi ba ne, sai ta shirya masa ɗakin da hannunta. Ita ta ɗaura igiya daga ƙofa zuwa gado. Ita ta shimfiɗa tabarma ta zama hanya. Wayar rediyo tana gaya wa ƙafarsa ya iso tebur. Bokiti yana gaya masa ga ƙofa. Ta sa shi ya yi ta zagayawa tana kwance tana gyara masa, har ya haddace. 'Yarsu ba su gaya mata ba. Tana zuwa duk Asabar, yana dafa mata shayi, yana zura allura a gabanta.

"Allurar nan fa, Baba?"

"Malama, shekara hamsin. Ke in za ki kai loma baki madubi kike dubawa?"

Nas ɗin da ke ɗaure hannun ta kasa riƙe dariya. Shi bai yi ba. Ya juyo da fuska wajen muryar Mai Ido.

"Kar ki rubuta. In kin rubuta, sun karɓe ɗakin. A gidan 'yata matakala arba'in da biyu ce, na ƙirga. In na hau, ba ni ba saukowa. Zan zauna a kujera a ba ni abinci a hannu har in mutu. A ɗakin nan ni mutum ne."

Ba ta yi masa alkawari ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Mu je in mayar maka da ɗakinka tukuna."

A nan ne littafin da ake yi wa dariya ya yi rana. Aka zaunar da Baban Keke a kujera a bakin ƙofa. Tana karantawa, direba da tela suna ɗauka. Gado a hagu, taku uku. Ƙafar tebur ta baya tana kan tsagewar siminti. Bel bakwai a igiya, mai ɗinki a tsakiya shi ne na uku. Kofuna a kan taga, hannu na kallon ƙofa. Direba yana nishi yana cewa yau ya ɗauki gado ɗaya sau biyu, a rubuta masa a fayil.

Gwangwanaye ne suka gagara. Littafin ya ce goma sha tara, bai faɗi jerinsu ba. Baban Keke ya ce a riƙa miƙo masa ɗaya bayan ɗaya. Ya girgiza kowanne a kunne da hannun hagu. "Wannan na huɗu daga taga. Wannan na ƙarshe. Wannan me aka manna masa?"

"Suna ne, Baba. Na rubuta maka da manyan baƙaƙe."

"Allah ya yi miki albarka. Ɓare."

Da aka gama ya tashi, ya kama igiya, ya yi taku uku, ya zauna. Ya miƙa ƙafa ya taɓa bakin tabarma, ya ce a ja ta yatsa biyu zuwa dama. Aka ja.

Da yamma ta baje fom a kan teburin cin abinci a gida, ta zuba masa ido. Mijinta, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya saurari labarin tun daga farko har ƙarshe ba tare da ya katse ta ba, abin da ta ce bai taɓa yi ba.

"To me ya ba ki mamaki?" ya ce. "Na aske gashin baki tun makon jiya."

Ta ɗago ta dube shi. Gaskiya ne.

"Baban yara, ba wasa nake ba. In na rubuta gaskiya, na raba tsoho da ɗakinsa. In na ɓoye, gobe risho ya kama labule, ni na kashe shi."

"Wata takwas kina zuwa, sau nawa ya faɗi?"

"Ko sau ɗaya."

"To rubuta wannan ma. Ai ita ma gaskiya ce. Sai dai za ki sha kunya."

Ranar Juma'a ta rubuta shafi shida. Na farko duk a kanta yake: cewa ta sa alamar "mai kyau" sau talatin da biyu a kan idon da ba ya gani, cewa an ce mata a'a ta shiga da makullin ofis, cewa faɗuwar da aka yi ita ta jawo ta. Kafin ta miƙa, ta je ta karanta wa Baban Keke da bakinta. Ya saurara har ƙarshe. Bai dafa mata shayi ba a ranar.

Shugabar sashen ta karanta tana gyara tabarau.

"Mai Ido, wannan rahoto ne ko kin kawo ƙarar kanki?"

"Duka biyu, ranki ya daɗe."

"Hotunan fa? Ana jiransu a wurin bita."

"Suna nan. Ɗakin ya yi kyau ƙwarai. Sai dai ba mai iya zama a ciki."

Kwamitin da ke yanke hukunci kan ɗakunan mutum uku ne: shugabar sashe, jami'in gidaje, da wata nas. Aka kira 'yar. Ta iso daga makaranta da alli a hannun rigarta, idonta ya kumbura.

"Anti, wata takwas kina zuwa!" ta ce da Mai Ido. "Na ce miki wani abu ya same shi, kika ce lafiyarsa lau."

"Haka na ce. Ke kika yi gaskiya."

'Yar ta ja kujera. Ta zauna. Can ta ce a hankali, kamar da kanta take, "Ni kuma shekara uku ban gane ba."

Jami'in gidaje mutum ne mai bin takarda. Ya ce sharaɗi a fili yake, mutum ba ya gani, yana zaune shi kaɗai, yana kunna wuta, kuma ya faɗi. Mai Ido ta ce sharaɗin bai ce wanda ba ya gani ba, cewa ya yi wanda ba zai iya zama shi kaɗai ba. Ta ce shekara biyu yana zaune shi kaɗai bai ko yi tuntuɓe ba, sau ɗaya ya faɗi, ranar da ofis ya taimake shi. Ta ce ba ta roƙon a yarda da idonta, don an ga inda ya tsaya. Su zo su gani da nasu.

Suka je ranar Talata. Baban Keke ya sa rigarsa daidai, don tela ya duba masa. Da hannu ɗaya da rabi ya dafa shayin mutum biyar, ya aro kofuna daga ɗakin tela, bai zubar da ko ɗigo ba. Nas ta tambaye shi inda maganinsa yake, ya miƙa hannu ya ɗauko. Ta tambaye shi in wuta ta tashi ta ina zai fita, ya kama igiya, kafin ta rufe baki yana tsakar gida. Jami'in gidaje ya tashi zai duba taga, wayar rediyo ta harɗe masa ƙafa, ya dafe bango, shayi ya zube masa a wando.

"Yi a hankali, ɗana," in ji Baban Keke. "Ɗakin bai saba da masu ido ba."

Ba a bar komai yadda yake ba. Kwamiti ya ba da gwajin wata uku da sharuɗɗa. Risho ya tafi, 'yar ta kawo butar lantarki mai kashe kanta, kuma shi ya zaɓi inda za a ajiye ta, ya yi kwana huɗu yana ƙorafi cewa shayinta ba shi da rai. Wayar rediyo aka ɗauke, aka kafa siririn katako a ƙasa a daidai inda take, don ƙafarsa ta ci gaba da samun labari. Tela ya ɗauki nauyin ƙwanƙwasa ƙofa safe da yamma. 'Yar ta ƙara Laraba a kan Asabar, kuma yanzu ita ke karanta masa jarida, yana gyara mata yadda take faɗin sunayen 'yan ƙwallo. Mai Ido ta raka shi wurin likitan ido, ta zauna a benci awa huɗu riƙe da katinsa. Likita ya ce na dama ya tafi, na hagu kuwa yanar ido ce, ana iya cirewa. An sa rana a wata mai zuwa. Baban Keke ya ce zai yi tunani, don yana tsoron in ya buɗe ido ya tarar ɗakin bai kai yadda yake ganinsa ba.

A ofis labarin ya zama abin koyarwa, ba da izininta ba. Masinja in ya kawo mata fayil yakan ƙwanƙwasa farce a kai ya ce, "Malama, nan." Ita kuma ta canza abu biyu. Tana leƙa tukunya har yanzu, amma sai ta yi tambaya tukuna, kuma tana rubuta amsar yadda aka faɗe ta, ba yadda ta fassara ba. Sannan makullan ɗakuna sun koma aljihun teburin shugaba, ba mai ɗauka sai da sa hannun mai ɗakin. Ita ta kawo shawarar. Ta ce ba ta san wani a sashen da ya fi ta buƙatar wannan doka ba.

Wata ukun sun cika a makon jiya. Bai faɗi ba, bai ƙone ba, ya gyara kekuna tara. Kwamiti ya sa hannu ya ci gaba da zama a ɗakinsa, a sake dubawa bayan shekara.

Ranar Talatar da ta wuce ta kai masa takardar, ƙarfe goma. Ta yi sallama daga tsakar gida, ya amsa, ya ce kujerarta na nan. Ta karanta masa takardar daga kai har ƙasa, har da lambar fayil. Ya ce ta sake karanta layin da ya ce zai zauna. Ta sake. Ya sa hannu, ya jona buta.

Yana jiran ruwa ya tafasa, ya ce hannun nan da ta karya masa yana ɗan yi masa tsami in gari ya yi sanyi.

"Targaɗe ne, Baba."

"Ni na faɗi ko ke? Ungo, zura mini wannan."

Ya miƙo mata zare, ya nuna mata allurar keke. Ta sa tabarau. Ta lasa zaren, ta kai, ya kauce. Ta matsa kusa da taga. Sau huɗu tana gwadawa, yana zaune ya karkata kai yana sauraro.

"Kawo, 'yar gwamnati," ya ce. "Kar ki ɓata idonki, ofis na buƙatarsa."

Ta miƙa masa. Ta shanye shayinta, ta ɗauraye kofin a bokiti, ta mayar da shi kan taga, ta juya hannunsa ya kalli ƙofa.